Kogon Haƙori: Aikin da ke Gaban Gida da Makaranta

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa ya san wannan yaron. Yana zaune a kujerar baya, ya tallabe kumatu da hannu ɗaya, idonsa ya yi ja domin bai runtsa ba jiya da dare. Malami ya yi masa tambaya, ya buɗe baki da ƙyar. In aka matsa masa sai ya ce, "Malam, haƙori ne." Mukan ba shi izini ya je ɗakin magani, a ba shi ƙwaya biyu, ciwon ya lafa, mu kuma mu mance da zancen. Bayan mako uku sai ya dawo da kumburi, wani lokaci ma a tsakiyar jarrabawa. Shekarar da ya yi yana karatu ta tashi a banza saboda rami ɗaya da bai fi ƙwayar gero ba sa'ad da ya fara.

Mun ga ya dace a wannan shekara mu ɗauki 'yan shafuka mu yi bayani a kan wannan ciwo: yadda yake farawa, abin da ke hana shi, abin da makarantun wasu ƙasashe suka yi suka ci nasara, da kuma abin da mu ma za mu iya yi da ɗan abin da ke hannunmu.

Girman matsalar

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan lafiyar baki. Rahoton ya nuna cewa mutane kimanin biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki, wato kusan rabin mutanen duniya. Daga cikinsu, kimanin biliyan 2 suna da kogo a haƙoransu na girma wanda ba a yi masa magani ba, yara kuma miliyan 514 suna da shi a haƙoran nono. Babu wata cuta da ta kai wannan yaɗuwa. Abin takaicin shi ne tana cikin cututtukan da suka fi sauƙin rigakafi.

Yadda haƙori yake

Kowane mutum yana samun haƙora sau biyu a rayuwarsa. Haƙoran nono guda 20 ne. Sukan fara fitowa wajen wata 6 da haihuwa, su cika kafin yaro ya kai shekara 3. Wajen shekara 6 sai famfara ta fara, haƙoran girma guda 32 su riƙa fitowa sannu a hankali. Na ƙarshensu, waɗanda ke can ƙuryar baki, sai mutum ya kai shekara 17 ko fiye.

Akwai wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Turmin farko na girma yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda haka sai a ɗauka shi ma na nono ne, in ya ruɓe a ce ai zai faɗi wani ya fito. Babu wanda zai fito a gurbinsa. Wannan turmi shi ne ya fi kowane haƙori saurin yin kogo a bakin 'yan makaranta, kuma shi ne ya fi ɗaukar nauyin tauna.

Haƙori yana da hawa uku. Na waje shi ne farin ɓawon nan da muke gani, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin ɗan Adam, har ya fi ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani hawa mai ɗan ruwan ɗorawa wanda bai kai shi ƙarfi ba. A tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi suke. Ɓawon waje ba ya jin ciwo, shi ya sa kogo yakan yi watanni yana girma mai shi bai sani ba.

Me ke huda haƙori?

Tun muna yara muke jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Har yau a wasu kasuwanni akwai masu turara wa mutum hayaƙi a baki su nuna masa wasu 'yan farare a cikin ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Mutanen ƙasashe da dama sun yi wannan imani shekaru aru-aru, amma madubin likita bai taɓa gano tsutsa a cikin haƙori ba.

Ga abin da ke faruwa. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya iya gani. Suna taruwa su yi wata dauɗa mai yauƙi wadda ke manne wa haƙora, musamman a gindinsu wajen dasashi, da tsakanin haƙori da haƙori, da cikin ramukan da ke saman turame. Duk wanda ya kankare haƙorinsa da farce da safe zai ga wannan dauɗa. Abincin waɗannan ƙwayoyi shi ne sukari. Da zarar mun sa abu mai zaƙi a baki, sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami, wato asid. Wannan asid shi ke narkar da sinadaran da suka gina ɓawon haƙori.

Miyau shi ne mai gadin baki. Yana wanke asid ɗin, yana kuma mayar wa haƙori sinadaran da ya rasa. Amma yana bukatar lokaci, minti 30 ko fiye bayan kowane ci. Idan yaro ya ci abinci sau uku a rana, miyau yana samun sararin yin gyara. Idan kuwa yana tsotsar minti tun daga taron safe har zuwa tashi, haƙoransa za su wuni a cikin asid, ɓarna ta fi gyara yawa. Da farko wani farin tabo kamar alli ne zai bayyana. A wannan mataki ana iya tsayar da abin, haƙori ya warke. In aka bari, ɓawon zai ɓurme ya zama rami. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ruɓa za ta yi sauri, domin hawa na biyu ba shi da tauri. Mutum zai fara jin tsami in ya sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. Idan ta kai ga ɓargo sai ciwon da ke hana barci ya zo, sai mugunya, sai kumburi.

Daga wannan bayani za mu fahimci abu biyu. Na farko, yawan lokutan da ake cin zaƙi ya fi yawan zaƙin illa ga haƙori. Alewa biyar da aka cinye a zama ɗaya bayan abinci ba su kai ɓarnar alewa biyar da aka rarraba su cikin yini ba. Na biyu, dare ya fi kowane lokaci haɗari, domin miyau yana raguwa ƙwarai idan mutum ya yi barci. 'Yan makarantar kwana da ke jiƙa garin kwaki da sukari bayan an kashe fitila, su sha su kwanta ba su goge baki ba, sai su lura da wannan.

Sukari nawa ya isa?

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini, in da hali ma ya gaza kashi 5. Ga baligi, kashi 5 ɗin nan ya yi daidai da giram 25, wato kimanin ƙaramin cokali 6. Kwalba ɗaya ta lemo takan ƙunshi wajen giram 35. Ke nan da kwalba ɗaya mutum ya riga ya wuce iyaka, tun kafin a lissafa shayin safe, da biskit, da cingam, da iloka, da tuwon madara, da zoɓon da aka cika wa sukari a bakin ƙofar makaranta. Kakanninmu sun ci tuwo da miya, sun sha fura da nono, zaƙi kuma sai ranar biki ko ranar kasuwa. Yau naira kaɗan ta isa yaro ya cika aljihu da alewa kowace safiya.

Labarin fulorayid

A 1901 wani matashin likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya je aiki a garin Colorado Springs na Amurka. Ya tarar haƙoran mutanen garin da yawa suna da tabo ruwan ƙasa, amma kuma ba su cika yin kogo ba. Ya yi shekaru yana neman dalili. A 1931 aka gano cewa wani sinadari ne da ke cikin ruwan shansu, mai suna fulorayid. Bincike ya nuna cewa idan ya yi yawa yana ɓata launin haƙora, idan kuma kaɗan ne yana ƙarfafa ɓawonsu ya hana asid cin su. A 1945 garin Grand Rapids ya zama na farko a duniya da ya fara zuba ɗan wannan sinadari cikin ruwan famfo. Daga baya aka sa shi cikin man goge baki, kuma masana sun yarda cewa wannan man yana cikin manyan dalilan raguwar kogon haƙori a ƙasashe da dama. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fulorayid cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada.

Mu ma mun san ɗaya fuskar wannan sinadari. A yankin Langtang na Jihar Filato, da yankin Kaltungo na Jihar Gombe, akwai wuraren da ruwan ƙasa ke ɗauke da shi fiye da kima, shi ya sa ake ganin mutane masu jajayen haƙora. A garin Tibiri kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fulorayid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Ya kamata ɗalibai su gane cewa abokinsu mai irin waɗannan haƙora ba ƙazami ba ne. Ruwan da ya sha tun yana ƙarami ne ya jawo, kuma buroshi ba ya fitar da tabon. Tsokanarsa rashin sani ne.

Abin da makarantun wasu ƙasashe suka yi

Tunanin kai kula da haƙora cikin makaranta ya haura shekara 100. A 1913 Dakta Alfred Fones ya buɗe makarantar koyar da masu tsabtace haƙora a garin Bridgeport na Amurka, a 1914 kuma ɗalibansa suka fara shiga makarantun garin suna duba bakin yara suna koya musu gogewa. A 1921 gwamnatin Niyu Zilan ta kafa sashen kula da haƙoran 'yan makaranta, inda aka horar da mata ma'aikatan jinya domin wannan aiki kaɗai.

Misalin da ya fi fitowa fili a zamaninmu shi ne na Sikotlan. Ƙasar ta daɗe tana cikin waɗanda haƙoran yaransu suka fi lalacewa a Yammacin Turai. A 2001 aka fara shirin goge baki kullum a makarantun rainon yara, ƙarƙashin kulawar malamai, ana ba da buroshi da man kyauta. A 2006 aka faɗaɗa shi da sunan Childsmile, aka haɗa da shafa wa haƙoran yara maganin fulorayid sau biyu a shekara a unguwannin marasa ƙarfi. A 2003 kashi 45 cikin 100 ne kawai na 'yan aji ɗaya ba su da alamar ruɓar haƙori. A 2020 adadin ya kai kashi 74.

Wani zai ce ai waɗannan masu kuɗi ne. To, mu dubi Filifin. Binciken da aka yi a can a 2006 ya nuna cewa kashi 97 cikin 100 na yara 'yan shekara 6 suna da kogon haƙori. Ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta rungumi wani shiri da aka sani da Fit for School, mai abubuwa uku: wanke hannu da sabulu kullum, goge baki da man fulorayid kullum, da shan maganin tsutsar ciki sau biyu a shekara. Malaman aji ne ke lura da aikin, iyaye kuma suka taimaka wajen gina wurin wanki, wanda sau da yawa bututu ne guda da aka huhhuda, yara su jeru su yi tare. Kayan yaro ɗaya na shekara guda a farkon shirin bai wuce kimanin rabin dalar Amurka ba. Daga baya Kambodiya da Laos da Indonesiya suka ɗauki tsarin.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne cewa lacca kaɗai ba ta isa ba. Yaro zai iya haddace sassan haƙori ya ci maki goma bisa goma, ya koma ɗaki ya kwanta bai goge baki ba. Abin da ke rage kogo shi ne a yi gogewar kanta, kullum, a lokaci ɗaya, da man da ya dace, babba yana tsaye yana kallo, har abin ya bi jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Asuwaki fa?

Asuwakin darbejiya, da na marke, da sauran itatuwan da iyayenmu suka saba da su, yana cire dauɗar haƙori sosai idan an tauna bakinsa ya yi laushi, aka kuma bi kowane haƙori ciki da waje. Kada wanda ba shi da kuɗin buroshi ya ji kunyar yin amfani da shi. Sai dai abu biyu. Yana da wuya ya kai bayan turamen ƙurya, kuma ba ya ba haƙori kariyar da man fulorayid ke bayarwa. Wanda ya iya haɗa su biyun ya yi kyau. Gawayi da toka da yashi kuwa suna kankare ɓawon haƙori, abin da ya kankaru kuma ba ya dawowa.

Abin da za mu iya yi

Ga ɗalibai, ƙa'idar ba ta da wuya. A goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin a kwanta, na daren shi ne ya fi muhimmanci. A ɗauki minti 2 cur. A duba jikin kwalin man a ga an rubuta yana da fulorayid, adadinsa tsakanin 1000 da 1500. Man da ya kai girman ƙwayar wake ya isa. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar shinkafa. Bayan an gama a tofar, amma kada a kurkure baki da ruwa, domin ruwan zai wanke maganin kafin ya yi aiki. Mun san wannan ya saɓa wa abin da muka saba, amma haka likitocin haƙori ke koyarwa a yau. A zaɓi buroshi mai laushi, a sake shi bayan wata 3 ko idan gashinsa ya baje. Kada a ara, kada a ba da aro.

Ga hukumar makaranta, muna ganin abu huɗu za su yiwu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A sa goge baki cikin jadawalin dare, bayan karatun dare kafin kashe fitila, shugabannin ɗakuna su lura da 'yan ƙananan aji. A sa buroshi da man cikin kayan da ake dubawa ranar dawowa hutu, kamar yadda ake duba bokiti da fartanya. A zauna da masu sayar da abinci a bakin ƙofa a roƙe su su ƙara gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da dafaffen ƙwai, da 'ya'yan itace, su rage alewa. Sa'an nan a nemi ma'aikacin lafiyar haƙori daga asibiti mafi kusa ya zo ko da sau ɗaya a shekara ya duba bakin kowa. Akwai hanyar cike kogo da kayan hannu kawai, ba inji ba lantarki, wadda aka ƙirƙiro a Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980, ana kuma iya yin ta a cikin aji.

Ga iyaye, da zumuntar mata, da malaman makarantun firamare, roƙonmu shi ne a fara da wuri. Daga ranar da haƙorin farko ya fito ake fara goge shi. Yaro yana bukatar babba ya taimaka masa har ya kai shekara 7. Kada a kwantar da jariri da bulunboti mai ruwan zaƙi a baki. Haƙoran nono ma suna bukatar kulawa, domin da su yaro ke tauna, da su yake koyon magana, su ne kuma ke riƙe wa na girma wuri.

Idan ciwo ya riga ya zo

Maganin kashe zafi ba ya warkar da kogo. Kada a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona shi. Kada a ɗiga ruwan batir, ko fetur, ko turare a cikin ramin, kamar yadda muka ga wasu na yi. Kada a miƙa baki ga mai cire haƙori a kasuwa, domin kayan da ba a dafa ba suna iya ɗauko ciwon hanta da wasu cututtuka daga wani zuwa wani. Idan kumatu ya kumbura, da zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, a tafi asibiti a ranar, domin irin wannan kumburi yana iya toshe numfashi.

'Yan ƙwallo kuma su riƙe wannan: idan haƙorin girma ya fita gaba ɗaya a fili, a ɗauke shi ta farin kansa, kada a taɓa saiwar, a sa shi cikin madara, a ruga wurin likita cikin awa ɗaya. Sau da yawa ana iya mayar da shi.

Akwai kuma wata cuta da ya kamata kowa a arewacin ƙasar nan ya san alamarta, wato noma. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu. Yawancin yaran da ba su sami magani ba suna mutuwa, alhali in an kai su da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita. Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato, a watan Disamba na 2023 kuma, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ɗalibin da ya je hutu ƙauye ya buɗe bakin ƙanensa ya duba, zai iya ceton rai.

Kowace ranar 20 ga Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, kuma takan faɗo muna cikin zango na biyu. Muna ba ƙungiyar kimiyya ta makaranta shawara ta ɗauki wannan rana a bana, 'yan manyan aji su shirya, su je makarantun firamare da ke kewaye da mu da buroshi da asuwaki a hannu, su nuna wa ƙannensu yadda ake yi. Mu malamai a shirye muke mu raka su.